Kibiya Ɗaya Ba Ta Kayar da Bishiya

Seiroku ya sayi weji biyu ran Talata, ya mutu ran Lahadi. Ni na kai shi shagon.

Muna gangarowa daga ƙauye a tsohuwar a-kori-kurata, tukunyar iska tsakanin ƙafafunsa, robarta a hancinsa, bakinsa kuma bai huta ba.

"Taka mai mana, Tatsu. Gawa ka ɗauko?"

"Da saura," na ce.

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Na rage gudu har ya lafa. Ya ce wa ya sa ni.

Shekara hamsin da biyu muna saran itatuwan sugi tare, ni da shi. Tsakanin gidana da nasa lambatu ne kawai, sai fangalin albasata. Na girme shi da shekara biyu, bai taɓa yarda ba. A watan takwas likita ya sallamo shi gida, ya ce huhun ya gama aikinsa, a bar shi ya ci abin da yake so.

Ba ciwon ne ya hana shi sukuni ba. Bishiya ce. Akwai wata sugi a gangaren bayan gidansa, ubansa ya dasa ta shekarar da aka haife shi. Ruwan watan bakwai ya motsa ƙasar da ke ƙarƙashinta, ta ɗan sunkuyo. Baƙo ba zai lura ba. Mu mun lura. Kanta ya koma daidai saitin ɗakin da matarsa Kinue take kwana. Mun gaya wa ƙungiyar masu daji, suka ce injin ɗaga kaya ba zai samu ba sai ƙarshen watan goma. Rediyo kuwa tun Lahadi yake cewa babbar guguwa ta taso daga teku, za ta iso mu daren Alhamis.

"Tafiyar ba ta dame ni ba," in ji shi. "Amma ba zan bar wa matar nan wancan abu a bisa kai ba."

Na ce zan kayar. Bishiyar da ta karkata baya, kana so ta faɗi gaba, ba zarto ke kayar da ita ba. Zarto yanka kawai yake yi. Weji, ɗan abin nan mai siririn baki da kaurin kai da ake bugawa cikin yankan, shi ke ɗaga ta, kaɗan-kaɗan, har ta miƙe ta tsallake. Mu a dutsen nan ba ma ce masa weji, kibiya muke cewa. Ɗan naman icen da ake bari ba a yanka ba, wanda ke riƙe bishiya ya nuna mata inda za ta kwanta, shi kuma tsirkiya.

Ina da kibiyoyina. Na icen nara ne, ni na sassaƙa su, na sa wa kowace zoben ƙarfe a ka. Shekara talatin suna ɗamarata. Na ce masa ga su nan, ba sai an je gari ba.

"Ba a kan rufina ba," ya ce. "Ɗauko mota."

Shagon tsoho Uematsu, inda muka saba saye, ya rufe tun mutuwarsa. Yanzu sai babban kantin bakin titi, mai fitilu da rana tsaka da kiɗa daga rufi. Akwai keken marasa lafiya a ƙofa. Na nuna masa da haɓa, ya harare ni. Ya sa tukunyar iskarsa a kwandon tura kaya, ya dafa, muka shiga kamar masu raka amarya.

Wata mata mai koren gyauton aiki ta tare mu. Za ta yi shekara arba'in da wani abu. Sunanta na rubuce a ƙirjinta, amma irin rubutun da ban kai gare shi ba a makaranta.

"Sannunku, Baba. Me za a ba ku?"

"Kibiya," in ji Seiroku. "Doguwa."

Ta dube shi, ta dube ni. "Ayya, Baba, ba ma sayar da kayan farauta."

"Ka ji ko?" ya ce da ni. "A garin masu katako."

"Weji yake nufi," na ce. "Na kayar da bishiya."

Ta rufe baki tana dariya, ta ba da haƙuri sau uku, ta kai mu can ƙurya kusa da man inji. Ta fara miƙo masa wani baƙi mai nauyi. Bai ko karɓa ba.

"Wannan na faskare ne, 'yata. Ƙarfe ne. Sarƙar zarto ta shafe shi, haƙoranta sun zube, in an yi rashin sa'a ɗaya ya tafi da idonka. Ajiye."

Ta ɗauko na alminiyam. Ya shafa shi da babban yatsa.

"Santsi. Sugi a wannan wata cike take da ruwa. Za ta tofo shi kamar ƙwallon kankana."

Ta ɗauko gajere, ruwan ɗorawa.

"Na masu gyaran lambu."

Sai ya hango wani kwali a ƙasa. Dogaye ne, na roba mai tauri, launin lemo, gefe guda sumul, ɗaya gefen da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya. Ya ce a ɗora masa kwalin bisa kwando. Ya fito da su duka, ya jera. Ya auna da taƙinsa. Ya ɗaga kowanne saitin fitila yana neman tsaga. Ya ƙwanƙwasa wannan da wancan kusa da kunnensa. Tsakani yakan tsaya ya dafa kwando, kafaɗunsa na hawa da sauka, leɓensa ya yi shuɗi. Matar ta kawo kujera, ta ajiye a bayansa. Bai zauna ba.

Ni na ƙosa. Na zaga na dawo, na sake zagawa. Ba na son wurin, ba na son kiɗan, ba na son yadda mutane ke kallonsa su kau da kai.

"Duk uwa ɗaya ta haife su," na ce. "Ɗauki ka ba mu wuri."

"Kai da yayanka ma uwa ɗaya ce, shi yana da hankali."

"Roba ce fa, Sei. Da ita ake yin bokiti."

"Duba bakinta." Ya kawo ta daf da hancina. "Ka taɓa sassaƙa baki mai kaifi haka bai karye ba? Wannan za ta shiga inda farce ba zai shiga ba. Duba ƙayoyin nan. In ta shiga, ta shiga ke nan."

Ya ware biyu. Matar ta ce, "Baba, ɗaya ba zai isa ba? Ai bishiya ɗaya kuka ce."

Ya juyo ya dube ta sosai. Na san karatu zai yi, na yi tsaki.

"Kibiya ɗaya ba ta kayar da bishiya. Ki buga wannan, waccan ta huta. Ki buga waccan, wannan ta riƙe. In ɗaya ta yi tsalle ta fita, 'yar'uwarta na nan, bishiya ba ta komo kanki ba. Duk wanda kika ga ya hau dutse da kibiya ɗaya, ki tambaye shi inda yake so a kai takalmansa."

"To, na koya." Ta kalli robar da ke hancinsa. "Ku biyu za ku sare?"

"Shi zai sare. Ni faɗa zan yi masa."

A hanyar komowa ya rungume su a cinya, ya hana a sa su a leda. Mun wuce gada, mun fara hawa, sai ya ce, "Gobe da hantsi. Raɓa ta bushe, iska ba ta tashi ba."

"Gobe sha biyu ga wata."

Ya ƙara rungume kibiyoyin.

Ran sha biyu Uwar Dutse, aljanar da ke riƙe da dajin nan, take ƙirga itatuwanta. Ba a shiga da ƙarfe. Wanda ta samu a tsaye cikinsu, ta haɗa da shi a ƙirgen. 'Yan ƙungiya na yanzu ma, masu hular kwano da waya a aljihu, ran nan wanke injuna suke yi su sha giya. Ƙanena Kanji ya shiga ran sha biyu, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, don ya ƙarasa itace uku kacal. A kan ƙyaure muka sauko da shi. Seiroku ne ya riƙe wajen ƙafafu.

"Ba a dutse take ba," ya ce. "A bayan gida take."

"Saiwarta a dutse take."

"Jibi iska ta fara."

"Da safe ba ta yi ƙarfi ba."

"Tatsu. Ni an riga an ƙirga ni."

"Ni ba a ƙirga ni ba."

Haka na ce masa. Na san da nauyi, ban janye ba. Muka iso gida. Da na zagayo in taimake shi ya sauka, ya ture hannuna, ya kira matarsa.

Laraba ta waye tas. Ko ganye ba ya motsi. A shekara ba a samun irin wannan rana fiye da biyar, ranar da za ka kwantar da bishiya a kan tabarma in ka ga dama. Na tsaya a ƙofa ina kallon sama kamar ta zage ni.

Na wasa sarƙa. Na gama, na sake bi haƙori-haƙori. Na wanke matatar iska, na cika mai, na zazzage, na sake cikawa. Na zauna shan shayi, ya huce a hannuna. Na je na zaga bishiyar hannuna a baya, ko wuƙar aljihu ban ɗauka ba. Na ɗaga kai na auna karkatarta da ido. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima: ta ƙara a kan ta makon jiya. Na koma gida. Na sake dawowa.

Kinue tana shanya a tsakar gida. Ƙaramar mace ce, shekara saba'in da huɗu, ba ta da yawan magana.

"Yaya Tatsu, za ka haƙa mana rami da zagayen nan."

"Ya ci abinci?"

"Cokali biyu na kunun shinkafa. Ya ce in tambaye ka ko Uwar Dutse ta gama ƙirgen, ko ta ɓata ta koma farko."

"Ce masa ya tambaye ta da kansa."

Ban san yadda maganar ta fito ba. Ta sunkuya ta ɗauki wani zane, ta yarfe shi, ta shanya.

Da rana ma'aikaciyar jinya ta zo da 'yar farar motarta. Ta daɗe a ciki fiye da kullum. Da ta tafi, Kinue ta tsallako lambatu, ta same ni ina cire ciyawar da babu ita a cikin albasa.

"Ta ce a kira Harue." 'Yarsu ke nan, tana aure a birni. "Na kira. Sai Asabar za ta samu tahowa, in jiragen ƙasa ba su tsaya ba."

"To."

"In bai kai gobe ba fa, Yaya Tatsu?"

Ba roƙo ta yi ba. Tambaya ce. Na ci gaba da tonon ƙasa. Ta ɗan jira, ta koma.

Da yamma na shiga duba shi. Ɗakin duhu kamar kullum, don bishiyar ta tare hasken wannan gefe tun muna samari. Yana kwance fuskarsa a bango, kibiyoyin nan biyu kusa da matashinsa, sandarsa a gefe. Na san idonsa biyu. Na zauna a bakin tabarma. Sai ƙarar tukunyar iska. Na ƙirga numfashinsa har ɗari, na tashi.

Alhamis tun gari bai gama wayewa ba na leƙa. Hayaƙi na fita daga madafarsu. Kinue ta ɗaga mini hannu ta taga, ta gyaɗa kai. Sai a lokacin na ji yunwa.

Sama ta canza. Gajimare na gudu ƙasa-ƙasa, iska na zuwa ta wuce, ta yi shiru, ta sake zuwa. Daga dutse take busowa, wato tana tura bishiyar wajen gida.

Na shiga da bargo. "Tashi, zan goya ka zuwa gidana."

"Ba inda za ni."

"Kana ƙarƙashinta, wawa."

"Ni na zaɓi kibiyoyin. In ba su riƙe ba, ya kamata in riga kowa sani." Ya tura mini su da bayan hannu. "Ke, Uwar Harue, fita. Tsaya can wajen albasar wannan mutumin. In ta faɗo, ta faɗa kan albasar."

"Baban Harue..."

"Fita, na ce."

Ta gyara masa bargo, ta buɗe ƙofar baya ɗan kaɗan don ya ji, ta fita. Ban sake gardama ba. Iskar ba ta jiran gardama.

Na zuba gishiri a gindin bishiyar, na zuba giyar shinkafa, na sunkuya mata, yadda al'ada take. Na share hanyar gudu. Na tada inji. Na buɗe mata baki ta gefen tsohuwar gonar shinkafarsu da aka daina nomawa, inda muka shirya za ta kwanta. Yankan ya fita da kyau. Na zagaya baya, na fara yankan baya, ruwa na tsattsafowa daga naman icen. Da zarto ya nutse, lokacin kibiya ya yi.

Nasa biyu suna aljihuna na hagu. Nawa biyu suna ɗamara, inda suke kullum.

Zan faɗi gaskiya, ba kuskuren hannu ba ne. Na yi tunani. Na ce shekara talatin ba su taɓa ba ni kunya ba, kuma yana ɗaki, ba gani yake yi ba. Na zaro nawa, na kafa su hagu da dama, na bi su da bayan gatari. Suka shiga. Na koma kan zarto.

Sai iska ta zo, ba irin ta ɗazu ba. Na ji ta tun daga saman dutse tana taho da kuka. Bishiyar ta jingino baya da dukan nauyinta. Kibiyar dama ta fito fit, ta wuce ta gefen gwiwata, ban ga inda ta faɗa ba. Ta hagu ta tsage tun daga ka, zoben ya zame. Yankan ya rufe baki, ya danne zarto, inji ya mutu.

Shiru. Cikin shirun na ji tsirkiya tana ƙara, ƙiii, kamar tsohon ƙyaure. In ta tsinke, ba mai gaya wa bishiyar inda za ta. Na ɗaga kai. Kanta na lilo a saman rufin. Can wajen albasa Kinue ta toshe baki da hannu biyu.

Ƙafafuna suka ce in gudu. Na tsaya. Ban iya tuna abin da ke biye ba, ni da na kayar da itace fiye da gashin kaina.

Sai na ji ƙwanƙwasa daga cikin gidan. Sanda a kan katakon daɓe. Biyu. Shiru. Biyu.

Alamarmu ce ta dutse, tun lokacin da ƙarar injuna ta hana mu jin juna. Ɗaya, tsaya. Uku, gudu. Biyu, buga kibiya.

Na zaro tasa. Tsagaggiyar tawa ta bar 'yar kafa a gefenta, ko farce ba zai shiga ba. Na ɗora bakin robar, na taɓa ta a hankali. Ta kama. Na ƙara. Ta shiga, ba ta dawo ba. Na kafa ta biyu a ɗaya gefen. Na buga hagu, na buga dama. In iska ta taso in tsaya, in dafa bishiyar ina jin tana turo ni, ƙayoyin nan suna riƙe. In ta lafa in ci gaba. Hagu. Dama. Kafaɗata ta ɗauki wuta. Gatarin ya yi nauyin da bai taɓa yi ba. Daga ciki sandar ba ta daina ba, biyu, biyu, sai dai tana ƙara rauni.

Yankan ya buɗe kamar kaurin yatsa. Na zaro zarto, na tada shi, na rage tsirkiya kaɗan, na kashe, na jefar da shi gefe. Hagu. Dama. Na ɗaga kai, na ga kanta ya bar rufin, ta miƙe tsaye kamar yadda uban Seiroku ya dasa ta. Ta yi ɗan jim a haka. Na ƙara bugu uku.

Na yi kiran da ake yi in bishiya za ta faɗi, sau uku, da abin da ya rage mini na murya. Ta tafi a hankali, sannan da sauri. Ƙasa ta girgiza, tagogin gidan suka amsa.

Na zauna a kan kututturen na huta. Sannan na je na yanko ɗan tohon kanta, na soke shi a tsakiyar kututturen, yadda ake yi. Na tsinci kibiyoyinsa. Kawunansu sun ɗan taɓe, ba abin da ya same su.

Da na shiga, ɗakin ya cika da haske, har na ga ƙurar da ke saman kabad. Kinue na durƙushe tana goge masa goshi. Idonsa a rufe, sandar har yanzu a hannunsa.

"Ta kwanta?"

"Ta kwanta."

"Inda muka ce?"

"Ko taƙi ba ta kauce ba."

Ya ɗan huta. "Bugu goma sha huɗu na farko, ice ne."

Ya buɗe ido ya dube ni.

"Ice ƙwas yake cewa. Roba dum. Huhuna ne ya ruɓe, Tatsu, ba kunnena ba."

Kinue ta ɗago ta dube ni. Na kalli tabarma.

"Sun yi yaya?"

"Ɗaya ta yi tsalle. Ɗaya ta tsage."

Ya fara dariya ba sauti, ƙirjinsa kawai ke motsi, hawaye na bin gefen idonsa, har Kinue ta ce ya isa haka. Ya miƙo hannu. Na sa masa tsagaggiyar. Ya juya ta, ya bi tsagar da yatsa.

"Sassaƙa mai kyau," ya ce. "Ta banza, amma mai kyau."

"Ta riƙe har taka ta shiga."

"Ta riƙe." Ya mayar mini. "Tafi ka yi wanka, kana wari."

Ban ba shi haƙuri ba. Ban iya ba, shi ma ya sani.

Guguwar ta iso da yamma, ta yi kwana biyu. Ta kwashe rufin rumfata, ta kayar da itatuwa bakwai a kan hanya. Gidan Seiroku ko fale-falen rufi ɗaya bai motsa ba. Harue ta iso Asabar, ƙarshen hanyar da ƙafa ta tako. Lahadi da hantsi ina kan tsani ina gyaran rumfa, Kinue ta tsallako lambatu, ta tsaya a ƙasa ta riƙe mini tsanin.

"Ya tafi, Yaya Tatsu. Ya sa an buɗe masa ƙofar baya duka. Wai bai san akwai sama a wajen ba."

Na ƙarasa buga ƙusar da ke hannuna, sannan na sauko.

Ran Talata aka sa shi a akwati, za a kai shi wurin ƙona gawa, yadda ake yi a nan. Mai shirya jana'iza ya zo da baƙar kwat da farar safar hannu. Aka fara saka wa Seiroku guzuri. Harue ta sa kwalin tabar da likita ya hana shi. Wani ya sa ɗaurin shinkafa. Aka sa tawul ɗin da yake ɗaurawa a ka. Sai Kinue ta fito da kibiyoyin nan biyu masu launin lemo, ta wanke su tas.

Mutumin ya sunkuya ƙasa sosai. "Ki gafarce ni, Inna. Roba da ƙarfe ba sa shiga wuta. Narkewa suke yi su manne wa ƙasusuwa."

"Shi ya zaɓe su da kansa."

"Na sani, Inna. Ki gafarce ni."

Ta tsaya da su a hannu, ta rasa inda za ta ajiye. Tun ran Lahadi ban ga fuskarta ta karye ba sai lokacin.

Na ce a dakata. Na tsallaka gida. Tsagaggiyar na kan teburin aikina, kusa da 'yar'uwarta da na tsinto a lambatu bayan ruwa ya janye. Na sa su a ƙarfen matsi, na fitar da zobban, na goge su da tsumma. Na dawo.

Na ɗaga farin mayafin kaɗan, na sa tsagaggiyar a ƙarƙashin hannunsa na dama, hannun gatari. Mai safar hannu ya duba, ya gyaɗa kai. Ice ne. Ya ɗauko murfi.

"Dakata," in ji Kinue. Ta ga kan ɗayar ya leƙo daga aljihun kwat ɗina. "Yaya Tatsu, biyu ake sakawa. Kullum haka yake cewa."

"Na sani."

"Ai ita ma ka cire mata zoben."

"Na cire."

Ta miƙo hannu. Mutumin na tsaye da murfi. Ta ƙofar baya ana hango kututturen, ɗan tohon nan har yanzu a soke, guguwa ba ta ɗauke shi ba. Na tura kibiyar can cikin aljihu, na dafe.

"A'a," na ce. "Wannan ni zan kai masa da hannuna. Ba na bayarwa."